Ya'u Mai Wayarin da Motar Kai Auta

Duk wanda ya saba bin hanyar tashar mota a Daura ya san rumfar Ya'u Mai Wayarin, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfa ce ta kwano a gindin dalbejiya, da benci guda, da tulin matattun batura da ya ƙi zubarwa, wai kowanne da ranarsa. Shi kuwa mai rumfar dattijo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare a ƙeya, ga sukundireba kullum a aljihun gaba, inda wasu ke sa alƙalami.

Ɗan manoma ne daga Sandamu. Tun yana saurayi aka gane shi da fartanya ba sa ga maciji, sai mahaifinsa ya haƙura ya bar shi ya tafi Kano koyon gyaran wutar mota. Ya dawo a zamanin da Fijo ke mulkin titi, ya kafa rumfa, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, duk a gindin bishiyar nan. Da motocin zamani masu ƙwaƙwalwa suka shigo, bai yi gardama da su ba. In aka kawo masa irinsu sai ya leƙa ya ce, "Wannan ta fi ni boko, ku kai ta gaba." Ya koma gyaran fitilun babura, yana shan shayinsa, hankalinsa kwance.

Amininsa na duniya shi ne Sagir direba, wanda ya shekara da shekaru yana jigila tsakanin Daura da Kongolam da wata farar Fijo 404. A motar nan aka kai duk manyan 'ya'yan Sagir mata ɗakunan mazajensu. Da Allah ya yi masa rasuwa, sai aka tura motar bayan gidansu a Sandamu aka jingine. Saura 'ya ɗaya, Juwairiyya, autarsa, wadda a lokacin tana makaranta.

Wata safiya bayan kaka sai ga Juwairiyya a rumfar, yanzu ta zama malamar firamare. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Baba Ya'u, an sa rana. Yayyena duka a motar Baba aka kai su. Ni kaɗai ce za a kai a motar aro?"

Ya'u ya cire tabarau ya goge, ko da yake ba abin da ya same shi. Ya ce, "Auta, in dai waya ce matsalarta, ba za a kai ki a motar aro ba."

Da ya je Sandamu ya ga motar, sai da ya yi salati. Nagoggo, babban ɗan marigayi, mutumin kirki ne amma manomi ne har ƙashi. Ya ga ɗaki mai ƙofa huɗu da rufi ba ya yoyo yana zaune a banza, sai ya mai da shi rumbu. Shekara da shekaru buhunan gero da gyaɗa na kwana a kujerun Fijo. Inda hatsi yake kuwa ba a aika wa ɓera goron gayyata. Ɓeraye sun ci gyaɗa, sun ci kujera, suka wanke baki da wayoyi.

"Nagoggo, motar ubanka ka mai da rumbu?"

"Baba, ai ko ɗigon ruwa ba ya shiga," in ji Nagoggo, da iyakar gaskiyarsa.

Aka jawo ta Daura. Wani bakanike ya karɓi inji, Ya'u ya karɓi wuta. Bai yarda da ɗaure-ɗaure da leda ba. Ya zare wayoyin kaf, ya shimfiɗa su a tabarma kamar mahauci da hanji, yana bin kowace da yatsa daga inda ta taso zuwa inda za ta. Wadda ɓera ya taɓa, ya sake ta. Ya kwance dainamo mai cajin batir ya wanke, ya gyara makunnin fitila, ya nemo ƙwayayen fitila na asali wajen wani tsohon mai kayan gyara. Masu babura suka yi ta zuwa yana ce musu gobe.

Akwai wani aiki da ya fi ba wa muhimmanci, wanda ido ba ya yaba masa. Wutar mota takan fita daga batir ta cikin waya, amma ta jikin ƙarfen motar take komawa gida. Don haka duk inda fitila ko hon ke ɗaure da jiki, sai da Ya'u ya sa samfefa ya kankare tsatsa da tsohon fenti, har ƙarfe ya fito fes, sannan ya ɗaure noti. Ranar da ya gama, ya kunna, komai ya kama. Ya zauna a benci ya sha shayi kofi biyu, ransa fari ƙal. Nagoggo ya zo ya tuƙa ta zuwa Sandamu, ana saura 'yan kwanaki biki.

Ranar kai amarya Ya'u ya sa babbar rigarsa ya isa ana kiran magariba. Ya tarar da Fijo a ƙofar gida tana sheƙi, fara sol, har ta fi yadda ya san ta. Ya tsaya yana ƙare mata kallo. Bayan salla mata suka fito da amarya cikin lulluɓi, aka sa ta a baya tsakanin gwaggonninta. Nagoggo ya tayar da inji, ya tashi lafiya. Ya murɗa fitila, shiru. Ya danna hon, ko tari. Ga duhu na shigowa, ga titin Daura cike da manyan motoci, ba mai hankalin da zai ɗauki amarya a mota makauniya. Nan take wani abokin ango ya matso da tasa motar, ya buɗe ƙofa. Daga cikin lulluɓi aka ji kukan amarya ya sauya, ya tashi daga na al'ada ya koma na gaske.

Ya'u ya ɗaga bonet, ya shinshina, ya dangwali gefen fitila. Fenti ya biyo yatsansa.

"Nagoggo, me ka yi wa motar nan?"

"Baba, fenti ne ya ragu daga ɗakin amarya. Na ga duk ka kankare ta ta yi tabo-tabo, na ce ba a kai ƙanwata a haka ba. Har fitilun na kwance na shafe ƙarƙashinsu, don aikin ya yi kyau."

Wato gyaran gangar Abzinawa. Ya'u ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi fuskar Nagoggo, ya ga mutumin da ya kwana biyu yana wahala don ƙanwarsa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya naɗe hannun babbar riga, ya ce a ara masa wuƙa daga cikin gida, ya ce wa abokin ango, "Ɗana, rufe ƙofarka, ba yanzu ba."

Nagoggo na haska masa da wayar hannu, shi kuma yana kwance noti, yana kankare fenti, yana ɗaurewa. Farin fenti ya ɓata masa riga, bai ko duba ba. Fitilar dama ta kama, mata suka rangaɗa guɗa. Ta hagu ta biyo, sannan na baya. Daga ƙarshe ya kankare gindin hon, ya zura hannu ta taga ya danna. Wata murya mai kauri ta tsohuwar Fijo ta cika unguwar.

Nagoggo ya sa giya ke nan sai ga wata dattijuwa ta fito daga gida da sauri tana ɗaga hannu. Uwar amarya, Hajiya Maimunatu, tana ɗaka, don uwa ba ta raka 'yarta, ita ce ta aiko.

"Malam Ya'u, Hajiya ta ce kada ku tashi tukuna. Ta ce a ƙara danna mata. Rabonta da jin wannan a ƙofar gida tun mai gidan yana dawowa daga Kongolam."

Ya'u ya ji idonsa ya cika, bai kuma ɓoye ba. Ya sake zura hannu ta taga, ya danna, ya daɗe bai ɗaga ba.