Ranar da Na Share Babana Daga Shafin Zuri'armu

Ko da zan manta duk ayyukan da na yi da kwamfuta, ba na jin zan manta da wanda na yi wa danginmu a Gummi. Har yau in ya faɗo mini a rai sai na ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Lokacin ban daɗe da koyon haɗa shafukan intanet ba, kaina kuwa ya kumbura. Da aka sa ranar taron zumunci bayan Babbar Sallah, ni da bakina na ce zan yi wa zuri'armu shafi, kowane gida da mutanensa. Ba wanda ya roƙe ni.

Wurin kakata, mahaifiyar babana, na je ɗaukar sunaye, don ita ce ta san kowa. Tana faɗa ina bugawa: sunan maigida ya zama kanu, matansa da 'ya'yansa su biyo a ƙasa. Mun gama gidan ɗan ƙanwar kakana, wato taubashin babana da ke Nasarawa Burkullu, sai muka iso gidanmu. Babana kuwa shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta kawar da kai ta ce, "Sai gidan wancan." Ni ma na ji nauyin rubuta sunan a gabanta, sai na bar gurbin kanun babu komai, da niyyar in cike daga baya. Na sa Inna, na sa mu 'ya'yanta, muka wuce.

Jerin ya yi tsawo, ga ni da son jiki. Maimakon in bi gida-gida, sai na rubuta wa shafin ɗan umarni: ya fara share duk kanun da babu rubutu a cikinsa, sannan ya ɗauki kowane kanu da duk abin da ya biyo bayansa ya zuba a akwati guda mai kore-koren gefe, har sai ya ci karo da wani kanun. Na danna, nan take gidaje suka jeru tsaf. Na duba akwati uku na farko, na yaba wa kaina, na rufe kwamfuta.

Ranar taro bayan la'asar aka kafa talabijin a ƙarƙashin rumfa. 'Yan uwa daga Anka da Bukkuyum sun cika tabarmi, mata suna daga ƙofar zaure. Na haɗa kwamfutata da talabijin ɗin, ina jan shafin ƙasa, ana karantawa, ana sa mini albarka. Har da gyara zaman hula nake yi.

Sai taubashin babana ya ɗaga hannu. "Tsaya, tsaya! Koma baya kaɗan." Ya matso ya ƙura wa akwatinsa ido, ya fashe da dariya. "Jama'a ku taya ni murna! Na yi sabuwar mata da ɗiya shidda, ban ko sani ba!"

Na duba. Ga sunan Inna a ƙarƙashin matansa, ga nawa, ga na ƙannena. Umarnin ya share gurbin da na bari, ya kwashe mu duka ya zuba a gidan wani. Babana kuwa babu shi ko'ina a shafin.

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Na hango Inna ta ja mayafi ta shige ciki. Kakata ba ta karatun boko, sai tambaya take, "Mi ya faru? Mi ankai?" Da aka gaya mata, ta juyo ta dube ni. "Ni nac ce maka ka hidda shi?"

Babana bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya taso daga tabarma ya tsaya a kaina. "Buɗe wurin," in ji shi. Na buɗe. Sai ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, a hankali, da ƙarfi, kamar baƙon da ake yi wa rajista. "Rubuta. Ko shi ma ka mance?"

Na rubuta. Akwatin gidanmu ya fito, muka koma ƙarƙashinsa. Ba wanda ya tafa, ni kuma ban iya ɗaga kai ba har aka watse.

Na so in ɗora wa na'ura laifi, amma abin da na ce ta yi shi ta yi. Ita ba ta san cewa a wurinmu sunan da ba a faɗa ba sau da yawa shi ne mafi girma ba. Ni na sani, kuma ni na ba ta izinin share shi. Tun daga ranar, duk abin da na sa umarni ya tattara, sai na bi shi ɗaya bayan ɗaya da idona kafin wani ya gani, musamman in mutane ne a ciki.