Kwana Ukun Malam Inuwa a Tsakar Gidansa

Duk wanda ya yi makaranta a cikin birnin Zazzau ya san Malam Inuwa mai Turanci. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, da ya yi ritaya kuma sai aikin ya biyo shi har zaure. Masu neman aiki da gurbin karatu kullum suna hanya, a rubuta musu takardar shaida. Kowa kuma kalma ɗaya yake roƙo a saka masa, wato "dynamic", don ita masu ɗaukar aiki ke so.

Malam fa ba ya ba da ita da arha. A wurinsa, kalmar ta mai kuzari ce wanda ba ya daskarewa wuri ɗaya, in zamani ya juya ya juya da shi, har ya jawo wasu. 'Yan siyasa na ta yaba junansu da ita a rediyo, shi kuwa sai ya yi kwana uku yana kallon mutum a bakin aikinsa kafin ya rubuta. Mutum huɗu kacal suka taɓa samu. Ɗan cikinsa Ƙasimu ma "mai ladabi" aka rubuta masa, ya yi wata guda yana kumbure-kumbure.

Wata Lahadi bayan la'asar, matarsa Hajiya Zuwaira ta ajiye masa fura, ta ajiye takarda a gefe. Wata ƙungiya ce za ta koya wa mata goma haɗa fitilun sola a Gyallesu. Ana son mace mai kalmar nan ta "dynamic", da shaidar wani dattijo, kuma ranar Alhamis za a rufe.

"Malam, ni za ka rubuta wa," in ji ta.

Ya yi dariya har ya ƙware. "Haba Hajiya, da jikoki shida? Ai wannan ta yara ce masu rataya jaka."

"To ka yi min kwana ukun da kake yi wa kowa. In ban ci ba, na haƙura."

Abin kunya, mutumin da ya taɓa takawa har Tukur-Tukur don ya kalli aikin wani makanike, bai taɓa zama ya kalli tsakar gidansa ba. Ya ɗauko kujera ya zauna a gindin gwanda, yana cin magani.

Ranar Litinin ya ga matan unguwa bakwai sun zagaye ta, tana nuna musu ɗinkin wuyan babbar riga. Ranar Talata ta kwance fankar da ya daɗe da yanke wa ƙauna, ta sa wuƙar kicin ta gyara. Ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce a waya ta gani.

Nan ya shiga tune-tune. Da ɗinkin hula ta fara tana amarya, shekara talatin da takwas da suka wuce. Da ciniki ya ja baya ta koma murza taliya, daga nan ƙanƙara, da wuta ta gagara ta ɗauki allura ta koma riguna. Shi kuwa duk shekarun nan mitarsa ɗaya ce: Hajiya ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Kunya ta rufe shi, sai kuma wani farin ciki ya biyo baya.

Safiyar Laraba ya rubuta takardar. A layin farko ya faɗi gaskiya cewa matarsa ce, don kada a ce ya yi rufa-rufa. A layi na biyu ya saka kalmar, ya ja layi a ƙarƙashinta.

"Malam, ai saura kwana ɗaya," ta ce tana murmushi.

"Na riga na makara da shekara talatin da takwas, Hajiya."

An ɗauke ta, ita ce babba a cikin goman. Fitilar da ke zauren Malam yanzu ita ta haɗa da hannunta. Duk wanda ya zo roƙon kalmar, sai Malam ya ɗaga biro ya nuna masa fitilar, ya ce ya zauna tukuna ya ji labarin wadda ta haɗa ta.