Kwalin Tabitha a Cikin Kifi

A Hanwa aka haifi Tabitha. Mahaifiyarta saƙa take yi, kuma ba ta yar da tsohuwar rigar sanyi, sai ta warware zaren ta saƙa sabuwa. Da Tabitha ta girma ta shiga binciken sinadarai a Samaru, sai ta tarar ƙwayoyin jikin mutum ma haka suke yi. Akwai wani furotin da ke tattara ɓaraguzan sinadaran da jiki ya gama amfani da su, ya sabunta su. Aikinta shi ne neman abin da zai ƙara wa furotin nan kuzari.

Shekarun ƙuruciyarta a kan wannan suka tafi. Furotin ɗin da ta tace da hannunta yana cikin 'yan kwalabe ƙanana, kuma in ya narke ya daɗe a zafi, ya mutu ke nan, sai ta koma farko.

Ranar da firijin ɗakin gwajin ya lalace, ta ɗauki kwalaben a ɗan akwatinsu ta nufi Sabon Gari wurin Nneoma, mai sayar da daskararren kifi, wadda suke coci ɗaya. Don kada masu saye su ga kayan asibiti kusa da abinci su tsorata, sai ta saka akwatin a kwalin kifi ta ɗaure da kyau, ta ajiye a firijin Nneoma.

Ɗaurewar da kyau ɗin ce ta jawo matsala. Da aka gyara firijin ta koma, babu kwalin.

"Malama, ke ma kin cika dabara," in ji Nneoma. "Kin mai da shi kifi, ni kuma kifi nake sayarwa. Josephine ta Dogarawa ta kwashe shi da safe."

Tabitha ta san Josephine, ta kuma san yadda masu suyar kifi irinta suke yi: da isa gida sai su juye kwali a baho, su kwara ruwa. Ta hau babur sai Dogarawa.

Ta tarar da kifi a baho, mai yana tafasa. Josephine ta dube ta, ta ci gaba da juya kifinta.

"Allurar taki ce? Da na buɗe na ga ba kai ba wutsiya, na ce wannan rigakafin wani ne. Yana cikin ƙanƙarar zoɓon maƙwabciyata."

Kwalaben suna can ƙasan kular sanyaya zoɓon, a daskare.

Washegari ta gwada. Furotin ɗin yana aiki, da ta ɗiga masa sinadarin da take sa rai da shi kuwa sai ya ƙara sauri. Ta zauna a kujera ta daɗe ba ta tashi ba.

Har yau akwatin kwalaben yana ƙarnin kifi. Abokan aikinta suna tsokanarta, ita kuwa ta ƙi canza shi.