Kifin Zailani Mai Wanki

Shekara ashirin Zailani mai wanki ya yi yana wanke fararen rigunan malamai da ma'aikata a kududdufin bayan gidansu, cikin birnin Zariya. Ruwan ba zurfi, iyakarsa ƙugu, amma garau yake, har kana hango ciyawar da ta shimfiɗu a ƙasa. Da shi yake ci da iyalinsa, don famfon unguwar sai ya yi sati bai ɗiga ba.

Mutum ne mai tsabta har ta yi masa yawa. A daminar 1987 ya ɗebi ruwa a bokiti, ya ga wasu 'yan ƙwari da ba su kai ƙwayar gero ba suna wutsil-wutsil a ciki. Abin ya tsaya masa a rai. Ya san a gidajen birni akan jefa tarwaɗa ɗaya a rijiya ta cinye ƙazanta. To, shi gwani, sai ya ce idan ɗaya ta gyara rijiya, kududdufi sai da yawa. Ya je wurin masunta ya ciko garwa biyu da 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, ya juye.

Ƙwarin kuwa suka ɓace. Kafin rani ya tsaya, ruwan ya koma kore shar kamar miyar kuka. Rigar da ya tsoma sai ta fito dabbare-dabbare, ga ƙarni.

Maƙwabcinsa Malam Abdullahi, mai koyar da kimiyya a sakandare, ya leƙa ya ce, "Kash, Baba Zailani! Ai ƙwarin nan su ke cinye gansakuka. Kifinka ya cinye su, tarwaɗa kuma tana tonon laka tana tayar da takin da ya daɗe a kwance. Sai an kwashe kifin kaf."

Zailani ya garzaya wurin mai unguwa, a ba shi izini ya kira masunta. Ina! Lokacin kowane gida ya saba da miyar kifin kududdufin. Mai unguwa ya riƙe hannunsa yana ta sa masa albarka, ya ce ba mai jefa taru a ruwan nan.

Masu kawo wanki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba cacar baki. Wallahi abin tausayi. Malam Abdullahi kaɗai ya rage, don kunya. Wata Alhamis Zailani da kansa ya kai masa rigarsa har zaure, a ninke, ba a wanke ba.

Ya ce, "Malam, kai wa wani. Ba zan ɓata maka ita ba."