Magani a Cikin Zabira

Ni wanzami ne. Lakwal, wato makarantar boko, na yi ta shekara guda da 'yan watanni, mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu lafiya. Saboda haka da aka ce mutanen furoje, wato shirin yaƙi da sida, ciwon ƙanjamau, suna nemana a Birnin Ƙonni, na ɗauka wani na yanka a kunne ya kai ƙara. Ashe komite za a sa ni.

Aka tara mu cikin wani ɗaki mai fanka: wanzamai, ungozomai, limamai biyu, da shugaban direbobi. Aka ce daga yau mu abokan aiki ne. Suna magana da Faransanci, wani yana juyawa, ni kuwa ina gyangyaɗi bayan liman saboda rawaninsa na da faɗi. Abin da ya shiga kaina shi ne, kowane kai da sabuwar rezarsa, kuma yanzu akwai maganin da ke tsayar da ciwon, kyauta, in dai ana shansa kullum ba fashi.

Ina da taubashi a wani ƙauye can bayan Dogarawa. Ya dawo daga cin rani a bakin teku, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likita, ya auna shi, ya fara ba shi maganin. Sai dai taubashina ya rantse in farar motar furoje ta tsaya ƙofar gidansa, rijiya zai zuba ƙwayoyin. Ya fi tsoron ciyayya da mutuwa. Kowace magariba mazan unguwarsu na fito da akusa gindin masallaci su ci tare, shi kuwa ya taɓa gani a wani gari yadda aka janye hannu aka bar mutum da akushi shi kaɗai. Zuwa Ƙonni kowane wata ma zai sa a fara tambaya.

Majo ya dube ni ya ce, "Baba, kai ba wanda ke tambayar abin da ya kai ka gidan mutum."

Haka na zama mai kai magani. Na naɗe robar ƙwayoyin cikin auduga don kada ta yi ƙara, na cusa ta ƙarƙashin ƙaho cikin zabira. Furoje ta ba ni aron moto, wato babur, da mai. Da na isa, taubashina ya ce, "Kai tsohon banza, in gidana kaɗai ka shiga ai ka kashe ni. Fara daga bakin gari."

Sai na fara daga bakin gari. Don in ɓoye kai guda, sai na aske unguwa duka. Kowane zaure in durƙusa, in jiƙa kai, in kankare. Kowane gida a kawo fura, kuma ba a mayar da furar mutane. Kafin in kai gidansa cikina ya yi kamar salka, gwiwoyina na kuka. Shi kuwa yana zaune a tabarma yana dariya.

"Bawana ya iso? Kawo, sannan ka gyara mini gemu."

"Ubanka ne bawa. Haɗiye, Allah ya sa ta maƙale maka."

Ba ta maƙale ba. Damina biyu ya yi ƙiba, ya koma noman albasa, har ya riƙa fakewa da kai buhuna Ƙonni yana leƙa wa majo a duba jininsa.

Sannan furoje ta ƙare. Aka sake tara mu ɗakin fanka, aka ce yanzu aikin namu ne, muka tafa. Aka karɓe moto. Komite bai sake zama ba. Magani dai yana zuwa gidan likita, amma ƙafar kai shi ta rage tawa. Na koma shiga motar kasuwa, ni da awaki, in sauka a bakin hanya in taka sauran. Shekaru sun hau ni, idona ya fara hazo, hannuna na rawa. Wani watan na yi wa maigari zane a ƙeya. Na fara tunanin ranar da zan kasa tashi, robar na cikin zabira, shi yana can yana jira. Na gaya masa mu nemi wani. Ya ce in na buɗe baki, ya daina sha.

Ran nan na makara, magariba ta same ni garin, aka jawo ni ciyayya. Ana cikin cin tuwo limamin unguwar ya shafa kansa, wanda na kankare ko gashi bai tsiro ba, ya ce:

"Wanzam, don Allah ka tausaya wa kawunanmu. Duk wata sai ka fere mu kamar kabewa. Saƙon nan da kake ɗaukowa, ka ba direbanmu na kasuwar Laraba, ƙanen matata ne, ba ya da surutu."

Taubashina ya tsaya da loma a hannu. Ni ma na tsaya. Ba wanda ya dube shi. Liman ya tura akushin gabansa, ya gutsuri tuwo daidai inda yatsunsa suka taɓa, ya kai baki. Na kusa da shi ma ya sa hannu.

"Tun yaushe kuka sani?" in ji taubashina, murya ƙasa.

"Ci abinci, miya na hucewa," in ji liman.

Taubashina ya ci. Da muka tashi ya raka ni masauki, a ƙofa ya ce, "Duk furar nan da ka sha mana, ashe ta banza ce."

Direban ne ke kaiwa tun daga lokacin, cikin ledar goro. Ni na zauna gida ina shafa wa gwiwa man kaɗanya. Har yau in na ga ƙwaryar fura sai in kau da kai.