Tsohon da Nake Maidowa Layi

Shekaru sun ja, na bar aiki, amma ranar da Ilyas ya faɗi a gabana ba ta bar ni ba. Ku da kuka shigo aikin agaji yanzu, ku saurara.

A lokacin fari na 1984, zamanin mulkin soja, aka mai da wani tsohon magazan, wato ɗakin ajiyar gyaɗa, da ke bayan garin Tasawa gidan gajiyayyu. Duk wanda yunwa ta koro, daga Cake, daga Urafan, har daga arewa inda dabbobi suka ƙare, nan ake sauke shi. Ni ne mai kula da rabon abinci. Ina da ƙuruciya, ina da wutar ciki, ban iya zama wuri ɗaya. Mutane na ƙaruwa kullum, kamyon hatsi kuwa, wato babbar motar kaya, sai ya ga dama yake zuwa, ni kuma ina ta safa da marwa tsakanin ƙofa da murhu kamar kazar da za ta yi ƙwai.

Kumandan, wato sojan da ke riƙe da gundumar, ya kafa doka: ba a ba kowa tsaba, sai dafaffe, kuma a ci shi nan take a gaban gardi, wato dogarin gwamnati mai tsaron gidan, don an kama wasu suna fita da abincin kasuwa. Ni kuma na ƙara tawa dabarar. Na ce a zauna gida-gida, kowane maigida da iyalinsa a layi ɗaya, don rabo ya yi sauri. Har yabo na samu a kan wannan, kaina ya kumbura.

Cikin Buzayen da aka kawo akwai wani dattijo, Agali, da 'yarsa, da mijinta Ilyas, da yaransu biyu. Ilyas dogo ne, kullum bakinsa a rufe da rawani. Ana zuba masa tuwon jar dawa sai ya tura kwanon gaban yaran, ya sunkuyar da kai. Tsohon kuwa, da an fara rabo sai ya miƙe da kwanonsa ya nufi bayan magazan. Ni kuma in bi shi a guje.

"Baba, ina za ka? Koma layinku! Ba a hita da abinci!"

"Can nike son zamnawa, ɗana."

"Babu can. Doka ce."

Sai ya dube ni, ya dawo ya zauna. Gobe ma haka, jibi ma haka. Na ɗauka rigimar tsufa ce. Game da Ilyas kuwa, gardi ya ce wataƙila yana da guzuri a ɓoye, muka zazzage kayansu, ba mu sami komai ba sai butar shayi da igiyar raƙumin da ya mutu. Na ce a raina girman kai ne, yunwa za ta sauke shi. Da hantsi ana raba kunun madara, amma na yara ne da masu goyo, shi ba ya ciki.

Wata Talata da azahar, ana cikin rabo, Ilyas ya yunƙura zai tashi, sai ya kife. Da muka ɗaga shi na ji kamar damin kara na ɗauka. Hankalina ya tashi, na shiga kiran likita, ina faɗa, ina tambayar matarsa ciwon me yake yi. Sai Inna Kulu, babbar mai dafa mana abinci, mutuniyar Urafan, ta ajiye muciya ta ja ni gefe, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe Lawali, wanga tsoho mine ne shi ga yaron?"

"Surukinai ne."

"To kai, ka taɓa cin tuwo gaban uban matarka?"

Surukina yana Attantane, kuma ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba. In na je gaisuwa, a zaure ake kai mini abinci, shi kuma ya bar gidan. Ga Buzaye abin ya fi namu tsanani, mutum ba ya ko sauke rawani daga bakinsa a gaban suruki. Abin da na sani tun ina yaro ne, amma ina riƙe takarda sai ya ɓace mini.

Na hau keke zuwa wajen kumandan, ina haki na yi masa bayani. Ya ce, "Dokata ita ce a ci cikin gida, gardi na gani. Ni ban ce wane ya zauna kusa da wane ba. Wa ya ce haka?" Na ce ni ne.

Kafin la'asar na sa an kafa zana biyu a kusurwa, gardi na tsaye a bakinsu. Washegari da na leƙa, ba Ilyas kaɗai ne a bayan zanar ba. Maza ne da mata masu yawa, Buzaye da Hausawa, kowa ya juya baya yana ci hannu baka hannu ƙwarya. Ashe duk kwanakin nan tsakura suke yi don kunya.

Ilyas ya yi kwana huɗu yana ci, cikinsa bai riƙe ba. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, a rana ta biyar ya rasu. Bayan mun dawo daga maƙabarta na durƙusa gaban Agali, na ce, "Baba, mi ya hana ku hwaɗa mani?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba a hwaɗin irin wanga da baki, ɗana. Kullum ina tashi in ba shi wuri ya ci, kai kuma kana maido ni."

Na yi aikin rabo shekaru da yawa bayan wannan, kuma abin da na koya ke nan: yunwa tana raba mutum da dabbobinsa da garinsa, amma ba lalle ta raba shi da kunyarsa ba. Saboda haka in kuka ga mutum ya tashi daga layi da kwanonsa, kada ku daka masa tsawa. Ku fara duba wanda ke zaune kusa da shi.