Daben da Yaya Isufu Ya Bari

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Isufu makwancinsa a Tasawa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, addu'a nakan yi masa in ja bakina, don ban saba kai kukan gida jarida ba. Bana shirun ya gagare ni. Ɗansa Laminu zai shiga tseren motoci ranar Asabar mai zuwa, a fakon bayan gari ta hanyar Korgom, kuma tun da maganar ta zo kunnena tuwo bai ƙara yi mani daɗi ba.

Yayana makanike ne, amma ba na inji ba. Shi ƙasan mota ya sani: resor da amortisar masu shanye gargadar hanya, da yadda tayoyi huɗu ke tsayuwa a ƙasa. Direbobin Mayahi da na Kanan Bakashe sukan wuce garaji biyar su zo wurinsa in mota ta fara cin taya gefe guda, ko tana jan hannun direba hagu. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Zaren magina, noti ɗaure a bakin wani zaren, ma'aunin tsawo, da siririn tiyo mai ruwa a ciki. Babban jarinsa shi ne daben siminti da ya zuba da hannunsa a ƙofar garaji. Kwana uku ya yi yana bin kusurwoyinsa da tiyon nan, har sai da ruwa ya tsaya daidai a ko'ina. In aka zuba bokiti a kan daben, ruwan tsayawa yake, ya rasa inda zai nufa.

Ni malamin lakwal ne, na koyar da lissafi har furfura ta fito mani, amma a bakin daben nan na ga amfanin abin da nake rubutawa a allo. Yakan ja zare gefe da gefen mota, ya auna gaban taya da bayanta, ya saki notin ya ga ko ƙafar ta kwanta ciki ko ta buɗe waje. Ba ya awo kujera ba kowa. In direba ya tafi cin abinci, sai ya ɗora buhun hatsi a wurinsa, ya ce mota ba ta gudu ita kaɗai. Dokokinsa biyu ne, kowa ya san su: ba ya auna mota sai a kan dabensa, kuma wanda ya ɗaura ƙafar mota shi ke fara hawanta.

Ni na sa ya karya ta farkon. Shekara tara ina ɗauke da wannan, yau na sauke shi a gaban jama'a.

Abokina Alhaji Sale, mai sayar da shanu a Korgom, yana aurar da ɗansa, samari kuma sun shirya wasan mota da la'asar. Motar ango ta sami matsala a ƙafar gaba, muka ɗauko Yaya da safe. Ya gyara, ya ce a lallaɓa da ita Tasawa ya auna. Alhaji ya ce baƙi sun cika gida, ina lokaci? Sai na ja Yaya gefe na ce, "Yaya, ka rufa mani asiri. Ido ba mudu ba, ya san kima. Naka idon ai ya fi daben." Ya daɗe yana dubana. Ya sa aka kawo katakai aka shimfiɗa a kan rairayi gindin wani gawo, ya ja zarensa a nan. Doka ta biyu kuwa bai karya ba. Ya shiga, ya ce zai kai kwanar rijiya ya dawo. Ina zaune gindin gawon ina shan fura na ji ƙarar.

Mutane suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, ban ja da ikon Allah ba. Amma na san wanda ya buɗe baki ya roƙa.

Yanzu zamani ya sake. Samarin da ke tsere a fako ba sa neman tsoho mai zare. Salula ta ishe su. Laminu ya nuna mani tasa: yakan manna ta a jikin taya, ta rubuta masa yawan karkatar ƙafar, ya zuba mata tsawo da faɗin mota, ta zana masa yadda za ta kwanta a kwana. Suna da zaure a salular inda suke aika wa juna hotuna da lambobi, har da na masu tseren ƙasashen da ba su taɓa ganin jar hanya ba. Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce. Ban jin zai raina. Mutum ne mai kwaɗayin sani, da ya karɓi abin ya juya shi ya yi ta tambaya har yaro ya gaji. Sai dai na san tambayar da zai fara yi, wadda yake yi wa kowa: a kan me motar take tsaye?

To, a nan gizo ke saƙa. Laminu a kan daben ubansa yake awo, kuma daben ya daina zama wanda ubansa ya bari. Akwai dogon yaro da Yaya ya dasa ta gabas don inuwa. Ya girma, saiwarsa ta bi ta ƙarƙashi ta ɗaga kusurwa guda, daben ya tsage. Tsagar siririya ce, baƙin mai da ƙasa sun rufe ta. Ban lura ba sai a ruwan ƙarshe na daminar bana, ina fakewa a garajin, na ga ruwa yana gudu a kan daben daga gabas zuwa yamma kamar an yi masa hanya. Salula gaskiya take faɗa, amma ba ta san ƙasa ta karkace ba. Duk ƙafar da Laminu ya daidaita a nan, in mota ta sauka fako karkatacciya ce, kuma ba za ta nuna halinta ba sai a kwana, da gudu.

Na same shi shekaranjiya yana ƙarƙashin motar. Na faɗa masa abin da na gani. Ya fito yana goge hannu, cikin ladabi, don Laminu bai taɓa ɗaga mani murya ba.

"Baffa, daben Baba ne fa. Duk Tasawa ba inda ya kai shi daidai."

"Da can ne, ɗana. Kawo ruwa mu zuba ka gani."

"Bari Asabar ta wuce, Baffa. In na kwance ta yanzu ba ni gamawa. Kuma kar ka damu, ba wanda zan ba. Ni na ɗaura, ni zan hau."

Maganar ubansa, da muryar ubansa. Na nemi benci na zauna. Ba taurin kai ke damun yaron nan ba. Yarda ce ya yi da mahaifinsa, har ba ya son a zuba wa aikinsa ruwa a gwada, gani yake kamar zargi ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na sani, amma na ga inda gudun barewar ya ƙare. Uwarsa ba ta san da maganar tsagar ba, kuma ban san da wane baki zan gaya mata ba.

In na auna abin da ya rage na Yaya Isufu, dabe ya tsage, zare ya ruɓe, direbobin da suka san sunansa sun fara ƙarewa. Abin da bai lalace ba shi ne halinsa na rashin yarda da ido, ko nasa ne, sai ruwa ya shaida. Da yana nan, shi zai fara zuba bokitin a kan aikinsa, ya kuma ɗauko gatari ya nufi saiwar. Laminu ya gaji doka ta biyu cikakkiya. Ta farkon ce ya riƙe fatarta ya bar naman.

Jiya na buɗe akwatin Yaya na ciro tiyon. Ya bushe, amma bai huje ba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan tafi garajin da shi da bokiti, in zuba ruwan a gabansa ko bai so ba. In ya duba ya kwance motar, alhamdu lillahi. In ya ce sai bayan Asabar, to ya sani kujerar gefensa tawa ce, ya auna da nauyina. Na taɓa zama gindin gawo ina jiran wani ya kai kwana ya dawo. Ba zan ƙara zama ba.